DAGA ALLI DA ALLO ZUWA KWAMFUTAR KWANTAM: TAƘAITACCEN TARIHI

Gabatarwa

 Da aka nemi in rubuta wani abu na tarihi a wannan mujalla tamu, sai na zaɓi tarihin wata na'ura wadda har yanzu ba a gama ƙera ta ba, watau kwamfutar kwantam.

Dalilina kuwa shi ne, ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma irinmu idan aka kawo mana takardar neman kuɗin bincike daga wata jami'a, tambayar da mukan fara yi ita ce, mene ne amfaninsa, kuma yaushe za a gani a ƙasa? Tarihin da zan kawo ya nuna cewa na'urar da manyan ƙasashe ke rige-rigen mallaka a yau ta samo asali ne daga ɗalibai da ƙananan malaman jami'a waɗanda a zamaninsu aka ɗauki aikinsu ɓata lokaci.

Tushen Al'amarin

A watan Disamba na 1900, wani shehun malami na Jami'ar Berlin ta ƙasar Jamus, Max Planck, ya bayyana cewa zafi da hasken da ke fita daga abu mai zafi ba kwarara suke yi kamar ruwan famfo ba, ɗiga suke yi ƙwaya-ƙwaya. Wannan ƙwaya ita ce kwantam. A 1905 Albert Einstein ya ce shi kansa haske ƙwayoyi ne. A 1925 kuma Werner Heisenberg, wani saurayi ɗan shekara 23 daga Jami'ar Gottingen, ya fito da lissafin da ke bayyana halayyar ƙwayar zarra, kafin Erwin Schrodinger na Jami'ar Zurich ya kawo nasa salon a 1926.

Abubuwa biyu ne suka ɗaure wa masana kai a cikin wannan sabon ilimi. Na farko, ƙwayar zarra ko ƙwayar haske tana iya zama cikin gaurayen hali biyu, ba ta tsayawa a kan guda sai an auna ta. Na biyu, ƙwayoyi biyu da suka taɓa cuɗanya suna iya sarƙewa, ta yadda sakamakon awon ɗaya zai dace da na ɗayar komai nisan da ke tsakaninsu. Einstein bai gamsu ba. A 1935 shi da abokan aikinsa biyu, Podolsky da Rosen, suka rubuta cewa lallai akwai abin da ya ɓace a cikin lissafin. Amma tun da lissafin yana ba da amsa daidai a ɗakin gwaje-gwaje, sai yawancin masana suka ajiye gardamar a gefe, suka ce wannan zancen masu falsafa ne.

Tambayar da Ake Gudu

Kusan shekara talatin aka yi a haka, sai a 1964 John Bell, mutumin Belfast da ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Geneva, ya nuna cewa ana iya raba gardamar ta hanyar gwaji. Wannan ba shi ne aikin da ake biyansa albashi a kai ba, a lokacin sararawarsa yake yi, kuma mujallar da ta buga masa takardar ba ta daɗe ba ta daina fitowa.

A 1972 John Clauser da wani ɗalibi mai neman digirin digirgir, Stuart Freedman, suka yi gwajin a Jami'ar California ta Berkeley, da kayan aikin da suka harhaɗa da hannunsu. Clauser ya sha faɗa daga baya cewa manya sun gargaɗe shi zai lalata makomarsa a banza. Haka kuma da wani matashi Bafaranshe, Alain Aspect, ya je wurin Bell a 1975 da niyyar inganta gwajin, abin da Bell ya fara tambayarsa shi ne ko an tabbatar da shi a aiki, domin ya san mai ɗaukar wannan batu yana iya rasa abincinsa. Mu da muka san bambancin ma'aikacin wucin-gadi da wanda aka tabbatar, mun fahimci nauyin wannan tambaya. Aspect ya kammala gwaje-gwajensa a Orsay a 1982, sakamako kuma ya tabbatar da cewa sarƙewar nan gaskiya ce.

Takardar da Aka Ƙi Bugawa

Wajen ƙarshen shekarun 1960, wani ɗalibin Jami'ar Columbia ta Amurka, Stephen Wiesner, ya yi tunanin da ba a taɓa yi ba. Tun da auna ƙwayar haske yana canza halinta, ashe ana iya yin takardar kuɗi wadda ba mai iya yin jabunta, domin duk wanda ya yi ƙoƙarin kwaikwayo sai ya ɓata ta. Ya rubuta takarda, aka ƙi buga masa, ta yi ta kwana a aljihun tebur har 1983.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Abokin Wiesner, Charles Bennett na kamfanin IBM, bai manta da zancen ba. A 1979 ya haɗu da Gilles Brassard na Jami'ar Montreal ta Kanada a wurin wani taro a Puerto Rico, ya ba shi labari. A 1984, a wani taron ƙara wa juna sani a birnin Bangalore na Indiya, su biyun suka gabatar da hanyar da mutum biyu za su raba makullin sirri ta ƙwayoyin haske, ta yadda duk mai satar sauraro sai ya bar sawu. Da suka gwada abin a 1989, tazarar da saƙon ya yi ba ta wuce kimanin santimita 32 ba, watau tsawon rular da muke sakawa a jakar makaranta. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Oxford, Artur Ekert, ya kawo wata hanyar da ta dogara a kan gwajin Bell. Da haka gardamar da aka ce ta masu falsafa ce ta zama kayan aikin tsaro.

Haihuwar Tunanin Kwamfutar

A 1980 Paul Benioff a Amurka da Yuri Manin a Mosko, kowa da kansa, suka fara zancen na'urar lissafi mai bin ƙa'idar kwantam. A watan Mayu na 1981, a wani taro da jami'ar MIT da kamfanin IBM suka shirya, Richard Feynman na jami'ar Caltech ya fito da matsalar fili. Ya ce kwamfutar da muka sani ba za ta iya kwaikwayon halayyar ƙwayoyin zarra masu yawa ba, domin lissafin yana ninkuwa da ƙarin kowace ƙwaya, saboda haka sai a ƙera kwamfutar da ita kanta da irin waɗannan ƙwayoyi aka yi ta. A 1985 David Deutsch na Oxford ya zayyana a takarda yadda irin wannan na'ura za ta kasance.

Bari in ɗan yi bayani yadda za mu tafi tare. Kwamfutar ofis da wayar hannu duk da sifili da ɗaya suke aiki, kamar makunnin lantarki, ko a kunne ko a kashe. Ita kuwa kwamfutar kwantam tana aiki da abin da Benjamin Schumacher ya raɗa wa suna kiyubit a 1995, wanda ke iya zama gaurayen sifili da ɗaya. Kiyubit biyu suna da halaye 4, uku suna da 8, goma suna da 1,024, kafin a kai 300 adadin ya zarce yawan ƙwayoyin zarra da ke cikin duk sararin da ake iya hangowa. Sai dai kada a ɗauka na'urar tana gwada dukkan amsoshi ta miƙo mai kyau, domin da an auna, amsa ɗaya tak ke fitowa. Dabarar tana kama da jefa duwatsu biyu a tafki. Inda tudun igiyar ruwa ya gamu da tudu sai ya ƙara tashi, inda tudu ya gamu da kwari sai ruwan ya kwanta. Gwanintar mai tsara lissafin ita ce ya sa amsoshin banza su kashe juna, ta gaskiya kuma ta ƙara ƙarfi.

Shekarar 1994

Har zuwa farkon shekarun 1990, masu wannan bincike ba su da yawa, ɗaki guda na iya ɗauke su. Abin da ya sauya al'amura lissafi ne da malamanmu suka koya mana tun a aji ɗaya. Idan na ce a ninka 13 sau 17, nan take za a ce 221. Amma idan na ba da 221 na ce a nemo lambobin da aka ninka, sai an yi ta gwadawa. A 1977 malamai uku na MIT, Rivest da Shamir da Adleman, suka gina makullin saƙo a kan wannan wahala, wanda ake kira RSA. A shekarar ne aka buga wata lamba mai alƙaluma 129 aka ce wanda ya isa ya fasa. Sai a 1994 aka iya, bayan mutane kimanin 600 sun haɗa kwamfutocinsu sun yi wajen wata takwas suna aiki. Makullan da ake amfani da su yanzu kuwa alƙaluma 617 gare su.

A wannan shekara ta 1994 Peter Shor na cibiyar Bell Labs, bisa hasken da ya samu daga aikin Daniel Simon na Jami'ar Montreal, ya nuna cewa kwamfutar kwantam za ta warware irin wannan lamba cikin sauƙi. Ga dabarar a taƙaice, kowa ya ɗauko biro. A ce 15 ake so a fasa. A riƙa ninka 2 da kanta ana rabawa da 15, ana rubuta saura: 2, 4, 8, 1, sa'an nan 2, 4, 8, 1. Jerin yana maimaita kansa bayan taki huɗu. Rabin huɗu biyu ne, 2 sau 2 kuma 4. A cire ɗaya a sami 3, a ƙara ɗaya a sami 5. To, 3 sau 5 ba 15 ke nan ba? Ga babbar lamba, gano tsawon wannan maimaici shi ne aikin da ya gagari kwamfutar yau, shi ne kuma wanda igiyoyin kwantam suka ƙware a kai.

Nan fa hankalin gwamnatoci ya tashi, domin da wannan makulli da danginsa ake tsare saƙonnin banki, da cinikin intanet, da asiran hukuma. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta waya, a Kano yake ko a Kumasi, ya dogara da su ko bai sani ba. Kuɗin binciken da a da ake roƙo sai ga shi ana kawowa har ƙofa. A 1996 kuma Lov Grover, haifaffen Indiya, ya ƙara da wata dabarar ta saurin lalube a cikin tarin bayanai.

Daga Takarda zuwa Ɗakin Gwaji

Faɗa da baki ba wuya, aikin ne ja. Kiyubit abu ne mai saurin lalacewa, ɗan ɗumi ko girgiza kaɗan sun isa su ɓata shi. Bugu da ƙari, tun a 1982 Wootters da Zurek suka tabbatar da cewa ba a iya kwafe shi, balle a ajiye kwafi kamar yadda muke yi da fayil a ofis. Masana da dama suka ce na'urar ba za ta taɓa yiwuwa ba. Amma a 1995 Shor, sa'an nan Andrew Steane na Oxford a 1996, suka gano yadda za a rarraba bayanin kiyubit ɗaya a kan tara ko bakwai, a gyara kuskure ba tare da an leƙa bayanin ba.

A 1995 ɗin dai Ignacio Cirac da Peter Zoller na Jami'ar Innsbruck ta Ostiriya suka ba da shawarar a kama ƙwayoyin zarra masu cajin lantarki a jera su, a riƙa sarrafa su da hasken leza. Kafin shekarar ta ƙare, Christopher Monroe da David Wineland sun gwada matakin farko a Boulder ta Amurka. A 1997 ayarin Anton Zeilinger na Innsbruck ya ɗauke halin wata ƙwayar haske ya mayar wa wata. A 2001 masu bincike na IBM da Jami'ar Stanford, ƙarƙashin Isaac Chuang, suka yi amfani da kiyubit bakwai suka gwada dabarar Shor, amsar da suka samu kuwa ita ce 15 daidai take da 3 sau 5. Mai neman abin dariya ya samu, amma wanda ya san jariri ya san da rarrafe ake farawa.

Akwai wata hanyar da ta fi kowacce samun kasuwa daga baya. A 1984 da 1985, a Berkeley, John Clarke da ɗalibinsa John Martinis da Michel Devoret suka nuna cewa da'irar lantarki da aka sanyaya matuƙa tana bin ƙa'idar kwantam duk da girmanta. A 1999 Yasunobu Nakamura na kamfanin NEC na Japan ya yi kiyubit da irin wannan da'ira, a 2007 kuma Jami'ar Yale ta fito da samfurin da ya fi jure hayaniya. Shi ne Google da IBM suka ɗauka. Ana ajiye shi cikin sanyin da ya kusa digiri 273 ƙasa da sifili, sanyin da ya fi na sararin samaniya.

Gwamnatoci da Kamfanoni Sun Shigo

Da abin ya fara kankama, sai jami'o'i suka buɗe cibiyoyi na musamman. Jami'ar Waterloo ta Kanada ta kafa tata a 2002 da gudummawar Mike Lazaridis, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin wayar BlackBerry. Singafo ta kafa tata a 2007 ta ɗauko Ekert ya shugabance ta. Birtaniya ta ware fam miliyan 270 a 2013. A 2018 Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shirin yuro biliyan ɗaya na shekara goma, Amurka kuma ta yi dokar kashe kimanin dala biliyan 1.2 cikin shekara biyar.

Labarin ƙasar Sin abin lura ne. Pan Jianwei ya je Ostiriya ya yi karatu a hannun Zeilinger, yana cikin waɗanda suka yi gwajin 1997, sa'an nan ya koma gida, ƙasarsa ta ba shi ɗakin gwaji a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Hefei. A 2016 ayarinsa ya harba tauraron ɗan Adam mai suna Micius, a 2017 kuma suka raba sarƙaƙƙun ƙwayoyin haske tsakanin tashoshi biyu masu nisan kilomita 1,200. A tuna, a 1989 santimita 32 ne.

Su kuwa kamfanoni, daga jami'a suka ɗebi mutane. A 2014 Google ya ɗauki Martinis da ayarinsa daga Jami'ar California ta Santa Barbara. A 2019 suka sanar cewa na'urarsu mai kiyubit 53 ta yi cikin daƙiƙa 200 wani lissafi da zai ci babbar kwamfuta shekara 10,000. IBM ya musa, ya ce kwana biyu da rabi sun isa, kuma lissafin ba wanda zai amfani kowa ba ne, na gwaji ne kawai.

Ina Aka Kwana?

Har zuwa ƙarshen 2025 babu kwamfutar kwantam da ta fasa makullin banki ko ɗaya, kuma matsalar kuskure ita ce babban tarnaƙi. Amma ana matsowa. A 2023 ayarin Mikhail Lukin na Jami'ar Harvard ya haɗa kiyubit 48 masu kariyar kuskure. A Disamba 2024 Google ya nuna, da na'ura mai kiyubit 105, cewa kuskure yana raguwa idan aka faɗaɗa tsarin gyaran, abin da aka yi kusan shekara talatin ana jira. A 2019 an ƙiyasta sai da kiyubit miliyan 20 za a fasa RSA, a 2025 Craig Gidney ya sauko da ƙiyasin ƙasa da miliyan ɗaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai wayo yana iya tattara kullallun saƙonni yau ya adana, ya jira ranar da na'urar za ta samu. Shi ya sa hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta buɗe gasar neman sababbin makullai a 2016, ta fitar da uku na farko a watan Agusta 2024. Duk ma'aikatar da ke riƙe da asirin da ya kamata ya wuce shekara ashirin a rufe, wannan magana ta shafe ta.

Afirka ma ta fara sa hannu. A 2019 Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu ta zama ta farko a nahiyar da ta shiga ƙawancen kwantam na IBM. A 2025 aka wallafa cewa Jami'ar Stellenbosch da masanan Sin sun raba makullin sirri ta tauraro a tazarar kilomita 12,900. Ƙasar Gana ce kuma ta gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya ƙudurin da ya sa aka keɓe 2025 ta zama shekarar kimiyya da fasahar kwantam, cikar shekara ɗari da aikin Heisenberg.

Kammalawa

Jama'a, mu dubi lissafin shekaru. Clauser ya yi gwajinsa a 1972, lambar yabo ta Nobel ta iske shi a 2022 tare da Aspect da Zeilinger, bayan shekara hamsin. Clarke da Devoret da Martinis sun jira shekara arba'in kafin tasu ta zo a 2025. Bell ya rasu a 1990, Freedman a 2012, ba su ga wannan rana ba. Da a ce takardar ɗaya daga cikinsu ta biyo ta teburin irinmu, aka tambaye shi amfanin da za a gani kafin ƙarshen shekarar kasafi, da ba shi da amsa, domin shi kansa bai sani ba.

Ba kowane bincike ne ke haihuwa ba, kuma kuɗin jama'a amana ne, dole a yi tambaya. Sai dai bincike dashen itace ne, ba a auna shi da ma'aunin shukar damina ɗaya. Ƙasashen da ke cin moriya yau su ne waɗanda suka bar malami da ɗalibinsa da albashi da lantarki da kwanciyar hankali, suka yi haƙuri. Ina fata 'yan uwana da suka kai matsayin sa hannu a takarda za su riƙa tunawa da wannan.

Ga malamanmu na lissafi da kimiyya kuwa, da suka sha fama da mu a kan rabawa da neman saura muna ƙorafin ina amfaninsa, ga shi asiran duniya sun rataya a kansa.